Kasko, Yashi, Oben, Injin Gugguru ko Ganga: Wace Suya Ce Ta Fi Fitar da Ɗanɗanon Gahawa?

Wanda ya samu ɗanyen 'ya'yan gahawa a Kaduna, ko na Mambilla ne da ake saukowa da shi daga wajen Gembu, ko na tsaunukan Filato, ko wanda aka taho da shi daga Habasha, tambayar da ke gabansa ita ce da me zai soya. Hanyoyin da ake iya bi a gida sun kai shida, kuma kowace tana da masu rantsuwa da ita. Sai dai yawancin gardamar da ake yi a kansu ba ta da tushe, domin ana gwada suyar kasko da ta yi baƙi wuluk da suyar inji da ba ta wuce ruwan ƙasa ba, sannan a ce hanya kaza ta fi. Abin da aka gwada a nan zurfin suya ne, ba hanyar suya ba. Kafin a ba kowace hanya maki, tilas ne a kai su duka mataki guda, a ɗanɗana ba tare da sanin wane kofi ne na wace hanya ba.

Abin da ke faruwa a cikin ƙwaya

Ɗanyar ƙwaya mai kyau tana ɗauke da danshi kashi 10 zuwa 12 cikin 100. Mintunan farko na suya duk na korar wannan ruwan ne, launi ya tashi daga kore-kore zuwa ruwan ɗorawa. Daga wajen digiri 150 a ma'aunin Salsiyos sai sukarin ƙwayar da sinadaran furotin ɗinta su fara haɗuwa, haɗuwar da masanin nan na Faransa Louis-Camille Maillard ya bayyana a 1912, kuma daga nan ne ruwan ƙasa da garɗi ke fitowa. Wajen digiri 196 tururin da ya taru a ciki yake fasa ƙwayar, a ji tas-tas da ƙarfi: fashewar farko ke nan. Idan aka ci gaba har wajen digiri 224 sai a ji ta biyu, mai ƙaramin sauti da sauri, mai ya fara tsattsafowa a jikin ƙwaya, ɗaci ya rinjayi komai.

Laifuffukan suya uku ne, kuma kowanne harshe na gane shi. Idan zafi bai ratsa har tsakiyar ƙwaya ba, za a ji gafi da tsami mai kaifi da bauri. Idan fuskar ƙwaya ta daɗe a kan ƙarfe mai tsananin zafi, za a ji ƙauri da maƙaƙi. Idan kuma suya ta ja lokaci da zafi mai rauni, musamman ya faɗi a tsakiyar aiki, sai kofin ya fito lami, ba zaƙi ba tsami. Kwatanta hanyoyin suya, a taƙaice, bincike ne na wace hanya ce ke jefa mutum cikin wane laifi, kuma da wane sauƙi ake kauce masa.

Shirin gwaji

A sayi kilo ɗaya ko biyu daga buhu guda. A baje a faifai a tsince baƙaƙe, da masu hujin ƙwaro, da masu fumfuna, da fasassu, da tsakuwa. Wannan tsintar ba ƙaramin aiki take yi ba, domin ƙwaya ɗaya ruɓaɓɓa tana ɓata kofi, a ɗora wa hanyar suya laifin da ba nata ba.

Ma'aunin zurfin suya mafi aminci a gida shi ne sikeli. A auna kafin suya, a auna bayan ta huce. Gram 200 da ya koma 170 ya rasa kashi 15 cikin 100. Suya mai haske tana rasa wajen 12 zuwa 13, matsakaiciya 14 zuwa 16, baƙa 18 zuwa sama. Don gwaji, a nufi 14 zuwa 15 a kowace hanya, kuma duk wadda ta kauce da fiye da kashi 1 a sake ta. Ido kaɗai ba ya isa, saboda suyar kasko takan yi duhu a waje alhali cikinta da saura. A riƙe agogo a rubuta lokuta uku: lokacin da launi ya koma ɗorawa, lokacin fashewar farko, da lokacin saukewa. Tsakanin fashewar farko da saukewa ya kamata ya zama kamar kashi ɗaya cikin biyar na dukkan lokacin, wato wajen minti 2 a suyar minti 10.

Sanyayawa iri ɗaya ce ga duka. Da an sauke a juye a rariyar ƙarfe, a riƙa sheƙawa daga wata zuwa wata a gaban fanka, har ƙaiƙayi ya tashi kuma ƙwaya ta yi sanyin da hannu zai iya riƙewa cikin minti 4. Ƙwayar da aka bari a tare a kwano tana ci gaba da soyuwa da zafin kanta. Kada a yayyafa ruwa. Kuma duk suyar a yi ta a tsakar gida ko baranda, don hayaƙinta yana da yawa, gawayi kuwa a rufaffen ɗaki haɗari ne ga rai.

Yadda ake ɗanɗanawa da ba da maki

Tsarin da masu sana'ar gahawa suka daɗe suna bi na ƙungiyar Specialty Coffee Association ne: gram 8.25 na gari ga mililita 150 na ruwa mai zafin digiri 93, kofi biyar ga kowane samfur, suyar da ta huta aƙalla awa 8 kuma ba ta wuce awa 24 ba. Sikelin kicin ba ya nuna rubu'in gram, don haka a yi gram 11 ga mililita 200, lissafin ɗaya ne. Kofi uku ga kowace hanya ya wadatar a gida. A tsayin ƙasar Kaduna ruwa yana tafasa a wajen digiri 98, saboda haka a sauke buta a jira kamar minti ɗaya kafin a zuba. Ruwan ya zama mara ɗanɗano, kuma iri ɗaya ga duka kofuna. Ruwan famfo mai warin kulorin ko na rijiya mai gishiri-gishiri yana ɓata ɗanɗano.

A niƙa da ɗan tsakin-tsaki, kada ya yi laushi kamar garin tuwo, kuma kowane kofi a niƙa nasa daban. Kafin a shiga sabon samfur a wuce da ƙwaya biyar-shida a injin niƙan a zubar. Wani da ba ya cikin masu ɗanɗano shi zai manna lamba a gindin kofuna ya hargitsa jerin. A shinshina garin a bushe. A zuba ruwa, a bari minti 4, sannan a kai hanci kusa a tura kumfar saman da bayan cokali sau uku ana shaƙa. A kwashe kumfar. Wajen minti 10 a fara kurɓa da cokali da ƙarfi yadda ruwan zai watsu a baki, a tofar, a ɗauraye cokali tsakanin kofuna. Tsarin asali ya ce a ci gaba har kofi ya sauka wajen digiri 21, amma a watan Maris da Afrilu ɗakin Kaduna kansa ya wuce haka nesa, don haka a bi agogo: minti 10, minti 15, minti 25. Zagaye na ƙarshe shi ke tona asiri, domin gafi da lami sukan ɓuya a zafi su bayyana a sanyi. Ba sukari, ba madara, ba citta, ba kanumfari.

Tsohuwar takardar makin ƙungiyar, wadda aka maye gurbinta da sabon tsari a 2024, tana da gida goma, jimilla 100, kuma daga 80 ne ake kiran gahawa mai daraja ta musamman. Amma an tsara ta ne don auna ingancin ƙwaya, mu kuwa ƙwayarmu ɗaya ce, suya muke aunawa. Takarda mai gida biyar ta fi dacewa, kowane gida maki 10: ƙamshi, zaƙi, tsami mai daɗi, nauyi a baki, da abin da ya rage a baki bayan an tofar. Daga jimillar 50 sai a cire na laifi: gafi, ƙauri ko lami, maki 2 idan ɗan alama ne, maki 4 idan ya mamaye. A misali, samfurin da ya samu 7, 6, 5, 8, 6 ya tashi da 32, idan an ji ɗan ƙauri ya koma 30. Kowa ya rubuta nasa shiru, sai an gama a haɗa a raba, don da zarar babba a wurin ya ce wannan ya fi, sauran bakunan sun bi shi. Tazarar da ba ta kai maki 2 ba a ɗauke ta kunnen doki. Idan ana shakkar ko akwai bambanci ma, a jera kofi uku, biyu iri ɗaya, ɗaya daban, a ce a fitar da baren. Mai cinta kawai zai dace sau ɗaya cikin uku, don haka sai wanda ke dacewa a kai a kai ne shaidarsa ke karɓuwa. Kallon launi a bar shi sai ƙarshe: ƙwaya 50 a kan farar takarda, a ƙirga waɗanda suka fita daban.

Kasko a kan gas ko garwashi

Ita ce hanya mafi arha kuma mafi koyarwa, don komai a gaban ido yake. Ana son kasko mai kaurin gindi, na baƙin ƙarfe ko dalma mai nauyi, wanda bai taɓa ganin mai ko kifi ba. Kwanon suya mai baƙin shafe na hana kamu bai dace ba, shafen yana lalacewa idan zafi ya haura digiri 260, gindin kasko kuwa yakan kai haka. A ɗumama minti 3 a matsakaiciyar wuta, a zuba gram 150 zuwa 200, a riƙa juyawa da muciya ba tsayawa. Ɗorawa a minti 4 zuwa 5, fashewar farko a minti 8 zuwa 11.

Matsalar kasko daga siffar ƙwayar take. Gefenta ɗaya shimfiɗaɗɗe ne, kuma shi take kwantawa a kai, sai ya sha ƙuna yayin da bayanta ke shan iska. Saman kasko a buɗe yake, zafi na tserewa, iskar hunturu kuma ta ƙara kwashe shi. Shi ya sa fashewar farko takan warwatse, wasu su fashe yanzu wasu bayan minti 3, kuma kafin na ƙarshe su iso na farko sun kusa fashewa ta biyu. A takardar maki kasko yakan yi kyau a nauyi, ya yi matsakaici a ƙamshi, ya faɗi a tsami, sannan sau da yawa ya sha cirewa biyu a kofi guda, gafi da ƙauri tare. Kasko mai zurfi da zagayayyen gindi ya fi shimfiɗaɗɗe, kuma a tare iska da allo ko bango.

Kurfoti yana ba da zafi mai faɗi da ke rufe duk gindin kasko, wanda ya fi harshen gas da ke dukan wuri guda. Amma ba a rage shi da maɓalli, sai dai a ɗaga kasko, don haka a tanadi bulo biyu na ƙara tsayi. A jira gawayi ya ruru ya yi farar toka. Wanda aka hura da kananzir ko leda yana barin wari a ƙwaya, haka ma risho.

Suya cikin yashi

Masu suyar gyaɗa sun san amfanin yashi: yana rungumar ƙwaya ta ko'ina, ba ya barin gefe ɗaya ya ƙone. A gahawa ma yana ba da launi mai daidaito fiye da kasko tsura. Ana wanke yashin rafi a shanya, a tankaɗe, a zuba ninki biyu na nauyin ƙwaya, a ɗumama shi kafin a zuba. Amma gyaɗa tana da ɓawo, gahawa ba ta da shi. Tsagar da ke tsakiyar ƙwayar tana buɗewa lokacin fashewa, yashi ya shige, kuma ba rariyar da ke fitar da shi duka. Zai ci haƙoran injin niƙa, ya bar ɗanɗanon ƙasa a kofi. Ƙarar yashi tana rufe ƙarar fashewa, zafinsa kuma ba ya sauka da wuri, sai suya ta zarce kafin a gama tankaɗewa. Ta ci makin ido, ta rasa na baki. Ba mu ba da shawararta ga mai injin niƙa mai tsada.

Oben

Oben ya fi kowace hanya yaudara, saboda yana kama da mafi sauƙi. A ɗumama shi zuwa digiri 240 ko 250, a shimfiɗa gram 200 zuwa 250 layi ɗaya a faranti mai huji-huji, a sa a tsakiya. Zai ɗauki minti 12 zuwa 18. Ƙwayar ba ta motsi, iskar ciki ba ta gudu, na bakin faranti suna riga na tsakiya duhu. Idan an buɗe ƙofa don a juya, zafi ya zube, kuma wannan faɗuwar a tsakiyar suya ita ce ainihin mai haifar da lami. Idan ba a buɗe ba, launi ya rarrabu. Ƙaiƙayi ba shi da mafita, yana ƙonewa a faranti hayaƙinsa ya koma cikin ƙwaya. Lambobin da ke jikin maɓallin oben ɗin gas na gida kuma ba abin dogaro ba ne sai an sa ma'aunin zafi a ciki. Oben mai fanka ya fi dama-dama. A gwajin rufe ido, kofin da ba shi da laifi mai tsanani amma kuma ba shi da abin yabo, mai zaƙi kaɗan da ƙamshin da ke gushewa da wuri, galibi na oben ne.

Injin gugguru mai iska

Wannan ƙaramin inji ne mai cin wuta wajen wat 1200, yana hura iska mai zafi da ke jujjuya ƙwaya. A zaɓi mai ramukan iska a gefen kwanon ciki, waɗanda ke sa ƙwaya zagayawa. Mai raga a ƙasa yana tara ƙaiƙayi a kan wayar zafi, yana iya kamawa da wuta. A duba rubutun gindinsa kuma: na kasuwar Amurka mai bolt 120 zai ƙone nan take a wutarmu mai 230. Yana ɗaukar gram 70 zuwa 90 kacal. Alamar an zuba daidai ita ce ƙwaya ta riƙa zagayawa a hankali tun farko. Idan ta tsaya cak an cika, a taimaka da sandar katako har ta yi sauƙi. Fashewar farko takan zo a minti 3 zuwa 5, a gama a minti 5 zuwa 7.

Ta fuskar tsabtar ɗanɗano ba hanyar gida da ke kamo shi. Iska na fitar da ƙaiƙayi da hayaƙi, ba tabon ƙuna, launi ɗaya. Arabika, wato nau'in gahawar tudu irin ta Mambilla ko Habasha, a nan take nuna tsaminta da ƙamshinta. Inda yake rasa maki shi ne nauyi da zaƙi, saboda saurinsa bai ba tsakiyar ƙwaya lokaci ba. A fasa ƙwaya ɗaya a duba: idan cikin ya fi wajen haske sosai, za a ji gafi a minti 25. Ana rage gudun ta hanyar rage yawan ƙwaya, ko cire murfin robar, ko yin suyar da sanyin safiya.

Babban cikas ɗinsa wuta ce. Idan ƙarfinta ya ragu, fanka da zafi su ragu tare, suyar minti 6 ta koma minti 12 ta fito lami. Idan ta ɗauke a tsakiya, wannan zubin ya tafi, don ƙwayar da ta huce ba a mayar da ita. Ƙaramin janareta mai ƙasa da wat 1000 ba ya ɗaukarsa. Wasu injinan kuma suna da makashin kariya da ke yanke zafi kafin a kai fashewa. A bar shi ya huta minti 15 tsakanin zubi da zubi. Bindigar iska mai zafi ta masu fenti, da kwanon silba da muciya, tana bin wannan layin: ta fi ɗaukar yawa, wajen gram 200, ta fi ba da iko da zafi ta nesantawa da kusantowa, amma ta fi cin wuta kuma tana watsa ƙaiƙayi ko'ina.

Tukunya mai majuyi da ganga

A nan ne ya kamata mai niyyar daɗewa a wannan harka ya tsaya ya yi nazari. Tukunyar gugguru mai murfi da hannun juyawa tana gyara manyan laifuffukan kasko guda biyu: murfin yana riƙe zafi a kewaye da ƙwaya, majuyin kuma ba ya barin ta kwanta. A huda murfin a soka ma'aunin zafi mai kai digiri 300, bakinsa ya tsaya sama da majuyi kaɗan. A ɗumama har ya nuna 200, a zuba gram 200 zuwa 250. Allurar za ta faɗi sosai sannan ta fara hawa, kada a firgita a ƙara wuta da yawa. A riƙa juyawa kamar zagaye ɗaya a daƙiƙa, wani lokaci a juya baya don sakin ƙwayar da ta maƙale. Da an ga ɗorawa a riƙa ɗaga rabin murfin na ɗan lokaci hayaƙi ya fita. Ana dab da fashewar farko, wajen minti 8 zuwa 10, a rage wuta kaɗan, kada a kashe. A sauke a minti 10 zuwa 12. A tuna ma'aunin iskar tukunya yake karantawa, ba cikin ƙwaya ba, don haka amfaninsa maimaita abin da ya yi kyau jiya ne, kunne da hanci su ne alƙalai. Idan gindin tukunyar siriri ne a sa farantin baƙin ƙarfe tsakaninta da wuta.

Ganga ita ce siffar injinan manyan masu suya, kuma maƙeran kasuwar Panteka ta Kaduna suna iya haɗa ta idan an ba su bayani dalla-dalla. Jikinta ya zama silba mara tsatsa ko baƙin ƙarfe tsura. Kada a yarda da farin kwanon rufi, don zinkin da ke jikinsa yana fitar da hayaƙi mai cutarwa a zafi, haka gwangwanin fenti ko na magani. Huji ya zama milimita 3 zuwa 4, yadda ƙananan ƙwayoyi ba za su maƙale ba. A ciki a yi fukafukai uku masu tsayin santimita 2 zuwa 3, su ne ke ɗaga ƙwaya su watsa ta. Ganga mara fukafukai ƙwaya na zamewa ne kawai a gindinta ta ƙone. Ƙofar ta zama mai buɗuwa da hannu ɗaya cikin daƙiƙa kaɗan, mariƙi ya zama na katako, a sa farantin ƙarfe tsakanin harshen wuta da ganga. Kada a cika fiye da kashi ɗaya cikin uku, domin ƙwaya tana kumbura sosai. Gram 300 zuwa 500, zagaye 40 zuwa 60 a minti, fashewar farko a minti 9 zuwa 12, saukewa kafin minti 15.

Waɗannan biyun su ke cin gidan zaƙi da nauyi da abin da ke ragewa a baki, tsaminsu kuma ya fi na inji laushi. A jimilla sukan yi kankankan da injin iska, wani lokaci su wuce shi, ya danganta da ƙwaya. Laifinsu hayaƙi ne a tukunya idan ba a ɗaga murfi ba, a ganga kuma rashin gani: ba a kallon launi, kuma zubi uku ko huɗu na farko na koyo ne. Wanda ya ji tsoron ƙonawa ya rage wuta fiye da kima zai kai minti 20, ya samu lami irin na oben.

To wacce za a ɗauka?

Ga yawancin gidajen Kaduna, tukunya mai majuyi a kan gas ita ce zaɓin da ya fi hankali. Ba ta jiran wutar lantarki, zubi ɗaya yana isar mai shan kofi biyu a rana fiye da mako, kuma ana iya maimaita sakamakonta. Gidan da ake shan gahawa da yawa, ko mai shayi da ke son ƙara ta a teburinsa, ganga ta fi masa. Mai sola da inbata mai ƙarfi, wanda ke shan gahawarsa tsura kuma yana neman ƙamshin arabika, injin iska zai faranta masa, in ya yarda da suya sau biyu ko uku a mako. Kasko a fara da shi don koyon launi da sauti da wari. Oben da yashi a bar su sai ba yadda za a yi.

Akwai sharaɗi guda da ke sauya wannan jerin. Mai dafa gahawa baƙa da citta da kanumfari da sukari, irin wadda ake zubawa a ƙananan kofuna, ba zai ga tazara mai yawa ba, domin suyar da ta shiga fashewa ta biyu tana shafe bambancin hanyoyi, kayan ƙamshi kuma su rufe ragowar. Shi kasko mai zurfi a kan garwashi ya ishe shi. Haka robusta, nau'in gahawar da ake nomawa a jihohin kudu, mai ɗaci da kafeyin (sinadarin da ke hana barci) kusan ninki biyu na arabika: ba ta da tsamin da injin iska zai fito da shi, ta fi son ganga ko tukunya da suyar da ta ɗan zurfafa zuwa kashi 16 ko 17, kuma fashewarta ta farko ba ta da ƙara sosai, sai an kasa kunne.

Makin da aka samu na lokacinsa ne. Ƙwayar da ta sha hunturu a buhu ta bushe, tana saurin soyuwa kuma nauyin da take rasawa ya ragu. Ta watan Agusta ta sha danshi, tana buƙatar ƙarin minti ɗaya ko fiye kafin ɗorawa. A ajiye ɗanya a jakar auduga nesa da albasa, daddawa da kananzir, soyayya kuma a kwalba mai murfi, a bar ta kwana 2 zuwa 4 kafin sha na yau da kullum, a shanye cikin mako biyu zuwa uku.

Bayan an zaɓi hanya, takardar makin ita ce jagorar gyara. Gafi ya fito: a ƙara daƙiƙa 30 bayan fashewar farko. Ƙauri ya fito alhali nauyin da aka rasa bai wuce 15 ba: zafin farko ne ya yi yawa ko juyawa ta yi kaɗan, a rage ɗumamawa da digiri 10 zuwa 15. Lami ya fito: a ƙara wuta a mintuna biyar na farko, ko, in ba a injin iska ba, a rage yawan ƙwaya da gram 50. Abu ɗaya ake canzawa a kowane zubi, a ajiye gram 11 na zubin baya, a jera shi da sabon a teburi ɗaya da ruwa ɗaya.